Wushiryar Doguwa

Alherin da ba a yi shawara da kai ba, wani lokaci uwarsu ɗaya da sata. Kaka ta je asibiti a duba mata ido, ta dawo ta tarar an yi mata irin wannan alherin. Tsohon talabijin ɗinta mai tozo, wanda ya shekara da shekaru a kan teburin kusurwa, babu shi babu dalilinsa. Sai sawunsa kawai, wuri mai tsabta da ƙura ta kewaye. A bango kuwa an kafa wani baƙin allo, faɗinsa kamar ƙyauren shago, kaurinsa bai wuce na faranti ba.

Surukinta ne ya yi aikin. Direban babbar mota ne, mijin 'yarta marigayiya, mutum mai nauyin baki da saurin hannu. Yana tsaye gefe da sukuddireba a aljihu, yana jira a sa masa albarka.

"Inna, kwana biyu ina ganin kina matse ido," in ji shi. "Shi ne na ce bari a samo babba."

"Ina nawa?"

"Na bayar, Inna. Ai ya tsufa."

"Ni ma na tsufa. Wa ka yi wa alkawarina?"

Jikarta ta fashe da dariya daga ƙofar kicin. Ƙawa Kaka take ce mata tun tana goye, har sunan ya bi ta kemis ɗin da take aiki. Tana shan nono uwarta ta rasu, a hannun Kaka ta girma.

Kaka ba labarai take kallo ba, ba fim ba. Faifai ɗaya gare ta a duniya. Ranar da aka yaye ɗalibai a makarantar koyon ɗinki, wani mai kyamara ya ɗauki taron a kaset, daga baya aka juye shi a faifai. Yawancinsa jawabi ne da 'ya'yan wasu. Amma can tsakiya, 'yarta takan gifta, wadda kowa yake kira Doguwa, da tef ɗin awo a wuya da kujera a kowane hannu. Sai ta juyo ta dubi kyamara ta yi dariya, ta wuce. Duka-duka bai kai a shanye kofin ruwa ba. Hotunanta na takarda rufi ya yi yoyo ya cinye su tuntuni, sai na katin shaida guda, wanda ta rufe baki gam kamar an yi mata faɗa.

Duk sanda wurin ya zo, Kaka takan miƙe zaune ta ɗaga murya: "Ga ta nan! Ga ta nan! Ƙawa, dubi bakin, wushiryarki ke nan!"

Don Ƙawa ubanta ta kwaso tas. Gajartarsa, faɗin kafaɗarsa, hancinsa, har yadda yake tafiya kamar mai tura kaya. Abu ɗaya uwarta ta bar mata, wannan 'yar ƙofar da ke tsakanin haƙoranta na gaba.

Washegari da safe Ƙawa ta jona na'urar faifan da sabon allon. Direba da ya zo gaishe da Kaka, yana ganin faifan ya tuna yana da abin dubawa a mota. Haka yake yi kullum.

Jawabi ya wuce, 'ya'yan wasu suka wuce. Sai ga wata gajeruwar mace mai faɗi kamar randa ta gifta da kujeru.

"Wace ce wannan?" in ji Kaka.

"Ita ce mana, Kaka."

"Ƙarya kike yi. 'Yata ko ƙofa sai ta sunkuya."

Matar ta juyo ta yi dariya. Fuskar kamar an shafe ɗanyen yumɓu da tafin hannu. Ido ɗigo biyu, hanci babu, haƙora kuwa farin layi guda sumul, kamar an manna mata takarda a baki. Ƙawa ta tsayar da hoton, ta tashi ta matsa kusa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Tana matsowa fuskar tana wargajewa, ta koma 'yan dabbare-dabbare kamar saƙar tabarma.

"Kaka, babu fa," ta ce.

"Akwai."

"Wannan ya fi wancan nuna komai, ai sabo ne. Wataƙila dama babu. Wataƙila tsohon ne yake da zane a gilashi, muke ta murna." Ta yi 'yar dariya, amma ta sa hannu ta rufe bakinta. "Ba komai. Dama kowa ya ce ban ɗauko ta ba."

Ta ɗauki jakarta ta fita, shayinta ko rabi ba ta sha ba.

To, a ɗauke wa tsohuwa talabijin, wannan ana iya haƙuri. Amma a shigo har ɗakinta a cike wa 'yarta wushirya, a mayar da ita maƙaryaciya a gaban jikarta, wannan kuma sai an yi shari'a. Kaka ta ƙulle faifan a gefen zani, ta ji hanyar shagon daga bakin maƙwabciya da ta duba mata kwalin allon, ta yafa mayafi.

Shagon cike yake da alluna tun daga ƙasa har rufi, dukkansu suna nuna tsuntsu ɗaya yana shan ruwan fure, ana ganin gashinsa ɗaya bayan ɗaya. Mai shago ya taso da fara'a.

"Sannu da zuwa, Mama. Me za a ba ki?"

"Haƙƙina za a ba ni. Kai ne ka sayar da abin da ya kumbura mini 'ya?"

Mutumin ya dubi bayanta ko akwai mai rakiya da zai yi masa bayani. Babu. Ya jawo mata kujera, ta ƙi zama. Da ta gama zazzaga masa abin da ke cikinta, ya karɓi faifan ya sa a wani allo irin nata. Gajeruwar nan ta sake giftawa.

"Af, wannan mai sauƙi ne," in ji shi. Ya danna rimot. Hoton ya tsuke daga gefe da gefe, baƙaƙen ginshiƙai biyu suka tsaya dama da hagu, Doguwa ta miƙe ta koma tsawonta.

Kaka ta zauna ba tare da ta sani ba.

"Kin ga, hoton da aka ɗauka a da bai kai allon yanzu faɗi ba. Shi ne yake jan shi don ya cika, kamar a shimfiɗa zanin goyo a babban gado."

"Na ji. Yanzu danna na bakin."

"Na me?"

"Na wushirya. Buɗe mata haƙora yadda Allah ya yi su."

Ya danna nan, ya danna can. Fuskar ta yi haske, ta yi duhu, gefen kunne ya yi kaifi har ya fitar da farin zobe. Bakin dai yana nan yadda yake.

"Mama, gaskiya wannan ba shi da maɓalli. Kyamarar da ta ɗauka 'yan ɗigo kaɗan ta kama. Shi kuma wannan yana da gurbin ɗigo masu yawan gaske, to inda bai samu ba sai ya duba na kusa ya cike da abin da yake zato."

"Zato?"

"E, kamar haka."

"Wato abin da bai gani ba shi yake faɗa."

"Kusan haka ne."

"A wurinmu sunan wannan maƙaryaci. Kun iya nuna gashin tsuntsun da ba shi da uwa a garin nan, amma 'yar mutane ta gagare ku. Masu ƙera shi ba su da matattu ne?"

Mai shago ya zare faifan, ya goge shi da gefen rigarsa a hankali kafin ya miƙa mata. "Kaset ɗin uwata ma yana gida," ya ce. "Na daina sakawa. In kina da hali, ki nemi tsohon naki."

Da rana ta sa aka kira mata Direba da Ƙawa. Ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Wa ka ba?"

"Wani mai gidan gem ne, Inna, bayan tashar mota. Ya daɗe yana nema."

"Gidan me?"

"Inda ake wasan ƙwallo a talabijin," in ji Ƙawa. "Kaka, don Allah ki bar shi. Ni ban damu ba."

"Da ba ki damu ba da kin shanye shayinki. Ku wuce mu je."

Gidan gem ɗin ɗaki ne dogo matsattse, da benci biyu da fanka mai kuka. Ba yara ne a ciki ba, ƙarti ne, kanikawa da masu dako da suka zo hutun rana, kowa da ɗan abin dannawa a hannu yana ihu. A kan kanta an jera talabijin masu tozo. Kaka ba ta nemi a nuna mata ba. Ga nata can na ƙarshe, da tabon kyandir a ka da maɓallin da ya ɓalle aka toshe da tsinke. A cikinsa wasu 'yan mitsi-mitsin mutane suna bin ƙwallo.

"Shekara da shekaru ban taɓa sa shi wannan aikin banza ba," ta ce da ƙarfi. "Wane ne mai wurin?"

Wani ƙaton mutum mai sanyin murya ya taso. Ya ga Direba a bakin ƙofa yana sunkuyar da kai, ya gane akwai magana.

"Ni ne, Iya. Lafiya dai?"

"Kayana na zo ɗauka. Akwai wani ƙato a bangon ɗakina, sabo fil, je ka ɓalle shi ka kawo nan."

"Iya, ko kyauta ba na so. Na gwada irinsa. 'Yan wasan nan sai su koma kamar an gina su da bulo, gefensu duk zarto-zarto. Kuma ka danna a buga, sai ɗan wasa ya tsaya ya yi shawara da iyalinsa tukuna. Waɗannan wasannin don mai tozo aka yi su, shi ya san yadda yake rufa musu asiri."

Kaka ta dube shi sama da ƙasa. "Tun safe kai ne na farko da ya yi magana mai hankali, kuma a hannunka kayan sata suke."

"Ba sata ba ce, ba ni aka yi."

"Wanda ya ba ka nasa ne?"

Mai gem ya dubi Direba. Direba ya dubi fanka.

Ta kwance faifan. Mai gem ya ce na'urar wasan ma tana cin faifai, ba sai an je gida ba. Kanikawa biyun da ke kan talabijin ɗin suka yi ca.

"Haba, Iya, saura kaɗan a tashi, kuma ni ke ci!"

"In ka ci a wace tukunya za ka dafa? Matsa."

Suka matsa. Ta zauna a tsakiyar benci, ta jawo Ƙawa kusa da ita. Mai gem ya tura jawabin gaba da sauri, shugaban makarantar yana ta wutsil-wutsil da hannu, ƙartin suna dariya. Sannan ya saki.

Doguwa ta gifta. Doguwa sosai, da wuyanta da tafiyarta, launin rigarta ya zauna, fuskarta ta haɗu wuri guda kamar fuskar mutum.

"Ga ta nan! Ga ta nan!" in ji Kaka. "Tsayar! Ƙawa, dubi bakin!"

Ya tsayar. Hoton ya tsaya yana ɗan rawa. Fuskar duka ba ta wuce kan babban yatsa ba, bakin kuwa kamar ƙwayar shinkafa. Aka gaya wa ƙartin abin da ake nema, suka bar wasanninsu suka yi cincirindo.

"Akwai, ga baƙin layi nan a tsakiya."

"Kai, wannan layin gilashi ne, dubi har goshinta ya kai."

"Wallahi akwai. Ƙanwata tana da ita, na san kamarta."

"Kai da ko ragar da ke gabanka ba ka gani?"

Kaka ta zunguri Ƙawa.

"Ban sani ba, Kaka," ta ce a hankali. "In na ƙifta ido ina gani, in na sake ƙiftawa babu."

Kaka ta sunkuya gaba. Ta matse idon dama, ta matse na hagu. Ƙwayar shinkafar nan tana rawa, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta rufe ido don ta duba 'yarta a inda take ajiye da ita, sai ta ga bakin Ƙawa ne yake fito mata, bakin da take gani kullum a kan kofin shayi. Ta sake nema, shi ne dai. Ashe shekaru ma suna cike gurbi da abin da ke kusa. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta rasa wanda za ta yi wa.

"A mayar baya kaɗan," in ji wata murya daga ƙofa. "Kar a tsayar. A ƙara sauti."

Direba ne. Ya shigo har tsakiyar ɗakin, hularsa a hannu.

"Inna," ya ce, "ki yi mini afuwa. Sau ɗaya dai, in ta fito, ki yi shiru."

Ƙartin ba su san Kaka ba sai yau, amma sun san an taɓa wuta. Ta dube shi, sannan ta kama gefen mayafinta ta toshe bakinta da shi.

Mai gem ya mayar, ya murɗa sautin har ƙarshe, ya kashe fanka. Hayaniyar taro ta cika ɗakin, da ƙarar kujeru. Doguwa ta gifta. Wani namiji ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa daga bayan kyamara, ba a jin ta. Ta juyo, ta yi dariya, sai ta ce:

"Sannu, sarkin surutu. Sai ka zo ka sauke mini."

Kowace "sa" da ta fito daga bakinta da ɗan siririn fito ta fito, kamar iska ta sami tsagar taga. Sau nawa Kaka ta kalli wurin nan, ba ta taɓa sanin akwai magana a ciki ba. Muryarta ce take danne ta 'yarta.

"Iska ce take bi ta tsakanin haƙoran," in ji Direba, idonsa a kan gilashin. "Ba ta iya cewa sannu ba tare da shi ba. Ta tsani abin. Ni kuma nakan yi sallama in dawo in sake yi, don dai ta ce sai an jima."

Kaniken da aka tayar daga wasa ya juya wajen Ƙawa. "'Yar'uwa, don Allah ce sannu mu ji."

"Ni ba zan ce ba."

"Ki taimaka, musu ne ya tsaya."

"Ku dai kuna da son sa ido," in ji Ƙawa, fiton ya fita sau biyu a jere, siriri, iri ɗaya sak.

Ɗakin ya ɗauki ihu kamar an jefa ƙwallo a raga. Wanda ya ce akwai yana dukan bayan wanda ya ce babu. Ƙawa ta kai hannu za ta rufe baki, hannun ya tsaya a haɓa. Tana dariya hawaye na bin kumatunta, ta ce a sake mayarwa. Aka mayar. Ta ce a sake.

Kaka ta sauke mayafin daga bakinta, ta share ido da shi, ta ce ƙurar wurin ce, ko shara ba sa yi. Sannan ta juyo kan surukinta.

"Kai da ba ka taɓa zama ka kalla ba, ya aka yi ka san tana magana?"

"Ina wurin, Inna. Ni ne a bayan mai kyamarar."

"Kai ne sarkin surutun? Kai? Mutumin da sai an sa ƙugiya ake ciro masa gaisuwa?"

"A lokacin ina da shi."

Duk shekarun nan Kaka ta ɗauka kyamara 'yarta take yi wa dariya.

"Me ka ce mata?"

Direba ya murza hular. "Inna, ba a gabanki ba."

Ƙartin suka sake fashewa. Mai gem ya zare wayoyi ya naɗe su a kan tozon, ya ce abin da ya zo kyauta ya koma kyauta, amma in Direba ya ci karo da wani mai tozo a tafiye-tafiyensa ya tuna da shi. Kaka ta ce masa ya ji tsoron Allah ya riƙa tambayar asalin kaya, kuma ya sa a gyara fankar nan. Kanikawa suka miƙo hannu za su ɗauka, ta hana.

"Wanda ya fitar shi zai mayar."

Direba ya rungumi talabijin ɗin, gilashin a ƙirjinsa, ya fita titi da shi yana tafiya a tale. Ƙawa ta bi gefensa riƙe da jelar wayar kar ta ja ƙasa.

"Baba, me ka ce mata?"

"Duba hanya, akwai rami."

"Na gani. Me ka ce mata?"

Ya waiwayo ya dubi Kaka da ke bayansu. Ita kuwa ta tsaya a gaban wata mai sayar da bokitai, ta ɗaga ɗaya ta ƙwanƙwasa gindinsa, ta ajiye, ta ɗaga wani, tana faɗa a kan robar zamani da ba ta da ƙwari. Ba bokiti take so ba. Sai da ta ga sun yi nisan da murya ba za ta iso ta ba, ta ga kan Direba ya sunkuya wajen kunnen 'yarsa, sannan ta ajiye na hannunta ta bi su a hankali.